Ramar da na nemo da kaina

Tun ina budurwa ni mai jiki ce. A gidanmu na Tsibiri ba wanda ya ɗauki wannan abin damuwa. Inna, mahaifiyata, har alfahari take yi, tana cewa ɗiyarta ba ta taɓa raina akushi ba. Da aka kawo ni Maraɗi gidan aure, a Sabon Gari, jiki ya ƙara samun wuri. Maigidana fataucin hatsi yake yi tsakanin nan da Najeriya, ni kuma na buɗe butiki na atamfa da shadda a bakin kasuwa. Zama ne tun hantsi har la'asar, ga masu kilishi da masu fura suna giftawa. Haihuwa ta zo ta ƙara nata. In na shiga gidan biki sai mata su ce, "Kai, Hajiya, hutu ya karɓe ki." Ni ma maganar tana yi mini daɗi.

Gwiwoyi suka fara kai ƙara. Daga baya suga ya shigo, tansiyo, wato hawan jini, ya biyo shi. Salla ta koma kan kujera. In na tsaya bakin hanya na ɗaga hannu, 'yan kabu-kabu masu babur sai su yi kamar ba su gan ni ba. Ba abin da ban gwada ba: ruwan zafi da lemun tsami, shayin rage ƙiba da ake kawowa daga Kano, barin tuwon dare. In na rage kaɗan, sai ya dawo da rakiya.

Wata likita a Yamai, wadda ke duba mini suga, ita ta fara yi mini maganar aikin tiyata na rage ƙiba. Ta ce ana yin sa a Tunisiya. Ba kitse ake yankewa ba, tumbi ake ragewa, yadda mutum zai ci kaɗan ya ƙoshi. Ta gaya mini haɗarinsa ba ta rage kome ba, ta ce in koma gida in yi tunani. Na daɗe ina yin tunanin, na yi istihara, sannan muka zauna da maigida.

"In shi ne lafiyarki, mu tafi," in ji shi. "Amma mi za mu ce wa mutane?"

Na ce mu ce za a duba ni saboda suga. Ba ƙarya ba ce, sai dai ba ita ce duk gaskiyar ba.

Shekarar nan ce ake ta rigimar tazarcen shugaban ƙasa. Maza a fada, wurin zaman hirarsu, ba su da zance sai na siyasa, kowa rediyo manne a kunne. Damina kuma ba ta yi kyau ba, gero ya yi tsada, mutanen ƙauye suna shigowa birni neman abin sa wa bakin salati. Wannan shi ya fi ɗaure mini harshe. Da wane baki zan ce na hau jirgi na ƙetare hamada don a rage mini ciki, alhali dangina a Tsibiri suna auna gero da tafin hannu? Ga kuma masu cewa an taɓa halittar Allah, da masu cewa lalaci ne, ta kasa kame bakinta sai da wuƙa. Duk na ji maganganun a kaina tun kafin kowa ya faɗe su.

Aka yi aiki lafiya, muka dawo. Da farko romo kawai nake sha da cokali, sai kunu mai ruwa-ruwa. Jiki ya fara sauka. Zanen da nake ɗaurawa da ƙyar ya koma yana zagaye ni har da saura. Likita ta rage mini magunguna. Ni kam ina cikin farin ciki, amma gari bai taya ni ba.

A Maraɗi in mace mai jiki ta rame, ba wanda zai ce mata barka. Maƙwabciyata ta aiko mini da rubutu a kwalba ba tare da na roƙa ba. Masu sayen atamfa suka koma yi mini magana a hankali, irin ta gaida mara lafiya. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce kasuwar Alhaji ce ta karye, tunani ke cin matarsa. Mafi muni, tunda shi matafiyi ne, aka fara raɗa cewa sida, cutar ƙanjamau, ya kwaso ya kawo gida. Ranar da wannan ta iso kunnensa ya shigo bai taɓa abinci ba.

"Jikinki ne, maganarki ce," ya ce. "Ba zan faɗa ba sai kin yarda. Amma ki sani ni ake kallo."

Ina cikin juya wannan sai ga Yaya, babbar 'yar'uwata da ke aure a Jiratawa, ta zo da buhun zogala da albasa daga garkar mijinta. Ta dube ni sama da ƙasa, ba ta ko zauna ba.

"Ke, Inna ta daina cin abinci saboda ke. Wata ta je ta gaya mata kin zama kara. In ciwo ne ki faɗa, in ba ciwo ba ne ki je ta gan ki."

Ban gaya wa Yaya kome ba ranar. Na ga bai kamata wani ya riga Inna ji ba.

Ranar Juma'a na tafi Tsibiri. Na iske Inna ƙarƙashin itacen bedi na tsakar gida tana tsince wake. Da ta ɗago ta gan ni, sai ta ajiye faifan a hankali. Muka gaisa, ta tambayi yara da maigida. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ƙwarya. Fura ce ta dama mini da nono mai kauri, kuma na san geron nan daga ɗan abin da ta ɓoye ne. Na kurɓi kaɗan, na ƙara, na ji ciki ya ce ya isa. Na ajiye ludayi.

"Sha mana."

"Na ƙoshi, Inna."

"Ke? Da wannan?" "Ɗiyar nan, ki ji tsoron Allah ki gaya mini. Mi likitocin suka gani?"

Nan na gane shirun da nake yi don in kare kaina, ita yake ci. Na ja ta ɗaki, na sake labule, na gaya mata duka, tun daga likitar Yamai har zuwa romo da cokali. Na ɗaga riga na nuna mata wuraren tabon, 'yan ƙanana ne kamar shasshawa. Ta sa yatsa ta taɓa ɗaya.

"Ta wagga 'yar ƙofa suka shiga?"

"Ta nan, Inna."

"To abin da suka cire, ina suka kai shi?"

Dariya ta kuɓuce mini. Ita ba ta yi ba. Ta zauna bakin gado ta ce, "Da kin mutu can fa? Sai a zo a ce mini suga ne?" Na ba ta haƙuri. Na gaya mata kunya ce ta hana ni, ga halin da gari ke ciki, ni kuma na je neman a hana ni ci.

Ta yi tsaki. "Yunwar gari ba cikinki ya kawo ta ba. Lafiya kika nema. Abin da kika daina ci, ki riƙa aiko shi nan, akwai masu ciki cikakke."

Aka kira la'asar. Ta jawo mini kujera kamar yadda ta saba, na ce ta bar ta. Na shimfiɗa tabarma kusa da tata. Da muka sallame na ga tana kallona ta gefen ido.

"Goshinki ya kai ƙasa," ta ce.

"Ya kai, Inna."

"To, alhamdu lillahi." Ta ɗauki sauran furar ta shanye da kanta, ita da rabonta da cin abin kirki an kwana biyu.

Kafin in tafi na tambaye ta ko in gaya wa mutane. Ta ce, "Mijinki kam ki wanke shi wurin danginsa, hakkinsa ne. Yayarki ma ki faɗa mata, in ba haka ba ba za ta bar ni in huta ba. Sauran kuwa, ai ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Naki ko an rage shi, zai riƙe magana."

Haka na yi. Na je gidan surukaina na yi bayani a gaban maigida, na ga kafaɗunsa sun sauka. Na biya Jiratawa na gaya wa Yaya muna tafe a kan kunyar albasa, ta tsaya ta riƙe haɓa, ta ce dama ta san akwai wata a ƙasa. 'Yan kasuwa kuwa ban ce musu kome ba. Zancen ya mutu da kansa, don mai ciwon ajali ba ta tasowa daga Sabon Gari da ƙafa ta zo ta buɗe butiki kafin kowa. Sojoji kuma suka karɓi mulki, bakin mutane ya samu wani abin taunawa.

Mutum ɗaya na ƙara gaya wa. Wata mai sayar da turare ce, layinmu ɗaya, jikinta ya fi nawa na da. Wata rana ta jira masu saye suka watse, ta zauna kan bencina tana haki, ta ce, "Hajiya, don Allah ki gaya mini gaskiya. Ba gulma ta kawo ni ba, ƙafafuna ne." Na ga idonta, na san inda take. Na faɗa mata mai daɗin da mara daɗin: aman da na sha in na yi gaggawar haɗiya, gashin da ya zube kafin ya dawo, fatar damtse da ta saki, ƙwayoyin ƙarin jini da zan sha har ƙarshen raina, da yadda nake zama gaban tuwon biki ina tsakura kamar baƙuwa. Ta saurara har ƙarshe. Daga baya ta ce ita ba za ta iya ba, tsoron wuƙa take, na ce wannan ma shawara ce. Ba ta taɓa kai maganar gaba ba.

Har yau akan samu mai tambaya, yawanci a gidan suna, in an ga na ture kwano da wuri. Nakan ce likita ce ta hana ni cin da yawa. Sai a ce Allah ya ƙara sauƙi, in ce amin, in miƙa wa ta kusa da ni naman.