Zakaran da Kawu Ya Kankare

Jiya ƙarar kankare ƙanzo a tukunya ta tuno mini da marigayi Kawu. A shekarar da aka yi fari na dawo Bagwai da ledoji garai-garai, waɗanda muke zana katun a kansu a Kano, a ɗauke su hoto ɗaya bayan ɗaya har zanen ya motsa. Zakara na zana, wata da watanni ina fama.

Kawu, wanda komai ya gani sai ya ce "Ana ci?", ya ɗaga ɗaya ya shinshina.

"Zakaran da ba ya shiga tukunya ka kawo mana?"

Kafin in dawo daga gona ya kankare fentin da wuƙa, ya toshe ɓarakar rumbu da ledojin. Rumbun da ko zangarniya babu a ciki.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Yafiyata kuwa, sai mun haɗu.