Shekarar da Kogin Haɗeja Ya Ƙafe

Har yau idan na ji warin laka tana bushewa, sai in tuna shekarar da kogin Haɗeja ya ƙafe. Ina 'yar ƙarama lokacin. Aikin koyarwa ne ya kawo Baba Haɗeja daga kudancin Kaduna, mahaifiyarsa kuma, wato Kakata, ta biyo mu ta kama 'yar gonar shinkafa a fadama. Da gonar nan muke cike giɓin albashi.

A shekarar, ruwa ya sauka sau ɗaya, aka yi shuka, sai sama ta rufe bakinta. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ya tsaya a kanmu, ya watse. Kwaɗi suka daina kuka. Ka san fadama ba ta rabo da hayaniyar tsuntsaye, amma sai ta yi tsit, har kana jin ƙasa tana tsagewa. Maƙwabtanmu Musulmi suka fita sallar roƙon ruwa, mu ma muka yi azumi a majami'a. Shiru.

Wata rana da tsakar rana Kaka ta ja hannuna muka je duba gona. Shinkafar ta ƙone. Muka taka har tsakiyar kogi, inda kwale-kwale suke kife kamar gawawwaki. Can muka tarar da wani tsohon masunci, maƙwabcinmu, yana saran ƙasa da fartanya. Ya ɓalle wani curin laka, sai abin da ke ciki ya motsa, ya yi wata ƙara siririya kamar ta jariri. Na ƙanƙame zanen Kaka.

"Gaiwa ce, 'yata," in ji shi. "Kifi ne. Haka take kwanciya a ƙasa tana jiran ruwa."

Kaka ta daɗe tana kallonta. Sai ta durƙusa a kan busasshiyar lakar, ta ce, "Ubangiji, kai ka riƙe wannan da rai a cikin ƙasa. Mu ma ga mu. A cikin sunan Yesu." Tsohon ya ajiye fartanya har ta gama.

Ruwan bai zo daga inda muke ɗaga kai ba. Bayan wasu kwanaki, rana tsaka, sama fes babu ko ɗigon gajimare, sai ga ruwa ja yana rarrafowa ta cikin kogi daga yamma, yana tura kara da kumfa, ba ƙara. Ruwan sama aka yi a wata ƙasa mai nisa da ba mu taɓa gani ba. Shinkafar Kaka ba ta tashi ba, amma mun yi noman rani, mun ci.

Yanzu injin ban-ruwa ya cika fadama, 'ya'yana kuma sun ɗauka a famfo ake haifar ruwa. Bara da damina ta yi jinkiri, autana ya ce ai sai a tada inji. Na tambaye shi, "In kogin babu komai, me injin zai ja?" Sai ya ɗaga kai ya dubi sama.