Tsatsa Ba Aikina Ba Ce

Ban taɓa shan wuya irin ta makonni ukun nan ba. Na yi noman gyaɗa a shekarar fari, na yi dakon siminti a Kano ina saurayi, amma waɗancan jiki kawai suka ci. Wannan har zuciya sai da ta ji.

Ni mai zane ne, ba irin na takarda ba. Allon shago nake zanawa, da bayan amalanke, da ƙofar injin niƙa, da gaban tabul na mai shayi. Rumfata tana bayan tasha a Magarya, shekara ashirin da ɗoriya ke nan. Lakwal, wato boko, aji uku na yi mahaifina ya cire ni saboda gona, don haka harufa ma zana su nake yi kamar yadda nake zana kunnen jaki. Tsohuwar gangar ƙarfe nake saye, maƙera su buɗe ta su daddale, in kankare, in shafa fari, in bari ta sha iska. Daga nan abin da ya faɗo mini a kai shi nake sawa. Zaki yana kurɓar shayi da ɗan ƙaramin kofi. Ɗan kokawa da layunsa yana riƙe da salula a kunne. Gwangwanin tumatir ƙato kamar rumbu, kaji na kewaya shi. Masu shago ba sa hana ni, tunda mutane na tsayawa su yi dariya, wanda ya tsaya kuwa yakan sa hannu a aljihu. Amma a gari ba mai ce mini mai zane. Mai shafe-shafe ake ce mini, har a gaban ƴaƴana.

Wata ranar kasuwa, farkon kaka, wani saurayi ya tsaya a bakin rumfata. Ɗan birni ne, riga cikin wando, da tabarau da jaka a kafaɗa. Ya ce daga Damagaram yake, suna shirya baje kolin masu zane da masu sassaƙa, za a zo kallo daga Yamai har da ƙasashen waje. Ya ciro salula ya yi ta nuna mini hotuna. Duk aikina ne. Ashe kwana biyu ya yi yana yawo tsakanin Bande da Dungas da Yekuwa yana ɗauka, yana tambayar wa ya yi.

"Baba, waɗannan muke so, guda goma sha biyu," in ji shi. "Rumfa guda taka ce, da sunanka a sama."

Mu a nan mushe muke ce wa ɗan boko. Na ce, "Mushe, waɗannan ai ba nawa ba ne yanzu. Suna jikin shagunan mutane."

"Ka aro su. Kwana biyar ne a maido musu."

Ba zan yi ƙarya ba, maganar suna a sama ta shige ni. Na rubuta sunayen mutane a alluna ba iyaka, nawa ban taɓa ganinsa a ko'ina ba sai a katin shaida. Ina son sau ɗaya in tsaya kusa da aikina, wani ya tambaya wa ya yi, in ce ga ni. Na ce masa to.

Aron ma wahala ce mai zaman kanta. Mai niƙa na Dungas ya ɗauka gwamnati ce ta turo ni a ƙara masa lanho, wato haraji, sai da na kai shi gaban limaminsu. Mai shayi ya ce in na cire zaki baƙi ba za su gane wurinsa ba, kamar hayaƙin murhunsa ba ya isa. Ina bayan moto, wato babur, da faranti na ƙarfe a kaina, iska na neman ta tashi da ni, yashi na kayar da mu. Sau biyu na faɗi, gwiwata har yau tana tuna mini.

Mai askin Bande taubashina ne, ɗan gwaggona, don haka tsakaninmu ba kunya. Yana hango ni ya ɗaga aska.

"Bawana, yau kuma wa ya koro ka daga gida?"

"Allonka na zo ɗauka, za shi Damagaram."

"Allona zai riga ni zuwa birni? Ni da na shekara bakwai ban taka can ba?"

"Shi ai yana da kyan gani. Kai wa zai kalla?"

Ya bar mutum da rabin kai a aske, ya fito ya tsaya gaban allon. Kawuna shida na zana masa da aski iri-iri, shekara tara da suka wuce. Rana ta cinye su. Ɗaya ba hanci, ɗaya ido ɗaya, tsatsar ƙusa ta zubo wa na tsakiya daga goshi har haɓa.

Ya ce, "A haka za ka kai shi? A je a ce mai askin Bande gawa yake yi wa aski? Ko jaki za a kai kasuwa ai ana kakkaɓe masa jiki. Ka sa musu sabon kaya, ko ka bar mini abina."

Abin da ke raina ke nan tun farko, shi ya riga ni faɗa. Mu a nan ba a shiga taro da rigar gona. In baƙi za su zo ana yaɓe ɗaki, a share tsakar gida, a wanke ƙwarya. Ban ko tambayi mushen ba. Wa yake tambaya ko zai yi wanka kafin ya tafi Idi?

Na sayar da waken da na samu a kakar, na sayo fenti da isansi, wato fetur, na tsinka shi. Rumfa ta yi kaɗan, na kwashe allunan zuwa gida. Kowanne sai na kankare tsatsa da burushin ƙarfe, in toshe huda, in bi tsohon layi in tayar da shi. Daga asuba har rana ta yi ja ina durƙushe. Bayana ya riƙe, idona na ruwa, kaina na sarawa da warin isansi. Kuma ba bin layi kaɗai na yi ba. Hannuna na yau ya fi na da. Ƙafar zakin nan shekara goma tana damuna, na yi ta kamar taɓarya, duk lokacin da na wuce wurin mai shayin sai in kawar da kai. Wannan karon na gyara ta, har farce na sa mata. Ɗan kokawa na daidaita masa kafaɗa. Kawunan taubashina suka dawo da hanci da ido, kai ka ce ango shida ne.

Goma sha ɗaya na gama. Na goma sha biyun ne ya makara, allon bayan amalanken wani dattijo na Yekuwa, mai shanu kuma mai noma. Ya ce ba zai cire ba sai damin hatsinsa na ƙarshe ya shiga rumbu. Ranar Litinin ya kawo shi da kansa, naɗe cikin tabarma. Bijimansa biyu na zana masa a kai, ja da fari, tun suna jan amalanken tare. Igiya ta goge wa jan ƙaho guda gaba ɗaya, fuskar farin ta koɗe, gefen allon duk kashin shanu da tsatsa.

Ya sa yatsa inda ƙahon yake da, ya ce, "Jan nan ya mutu shekara uku ke nan. A nan kaɗai nake ganinsa. Da ƙahonsa biyu ya mutu, malam. Kar ka kai shi cikin mutane da ɗaya."

Na ce in sha Allahu.

Washegari Talata mushen ya zo duba kaya, don ranar Alhamis motarsu za ta biyo ta ɗauka. Na jera goma sha ɗayan a jikin katanga, na yayyafa ruwa a ƙasa, na sa aka dafa shayi. Na dattijon na jingine shi a gefe saboda kunya. Maƙwabta suka taru suna ta sambarka.

Ya sauko daga moto, ya tsaya. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Na ɗauka kyan ne ya ɗaure masa baki.

Sai ya ɗora hannu biyu a ka ya ce, "Innalillahi. Baba, me ka yi?"

"Me na yi kuwa? Gyara na yi."

"Ina tsofaffin? Waɗanda na ɗauka a hoto?"

"Su ne a gabanka."

Ya zauna a kan turmi, shayin ma bai karɓa ba. Ba wulaƙanci ya yi mini ba, gaskiya, a hankali ya yi magana, kuma da gani abin ya dame shi. Ya ce masu zuwa kallon nan sun gaji da ganin sabon fenti, kowane kanti a birni yana da shi. Abin da ya ɗauki hankalin waɗanda suka zaɓe ni shi ne koɗewar, da tsatsar, da alamar cewa allon ya yi shekaru a bakin hanya cikin mutane. Ya ce shekarun nan su ne darajarsa.

Na ce, "Mushe, shekarun ba ni na zana su ba. Rana ce da ruwan sama. In su kuke so, su za ku gayyata, ku rubuta sunansu a saman rumfar."

Maƙwabta suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya tashi yana kai da komo, sai idonsa ya faɗa kan allon dattijon. Ya durƙusa a gabansa yana shafa inda igiya ta goge.

"Wannan! Alhamdu lillahi, wannan bai taɓu ba. Baba, don Allah kar ka sa masa ko ɗigo."

"Mai shi ya ce in maido da ƙaho."

"In an dawo ka maido masa. Kwana biyar ne."

Daga nan ya shimfiɗa mini magana. Ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, akwai manya a sama, kuma hotuna suka gani suka yarda. In kaya suka zo daban, suna iya hana ni rumfar su ba wani, masu jira suna da yawa. Hanya biyu ce. Ko in ba da na dattijon kaɗai, a rataye shi a kusurwar rumfar wani. Ko kuma, ya rage murya, in tsufar da sauran kafin Alhamis. A goga musu yashi, a watsa ruwan gishiri, a shanya a rana. Ya ce wasu suna yi, ba mai ganewa.

Na ce, "Wato in yi wa ango wanka, sannan in birkiɗa shi cikin toka don baƙi su ji daɗi."

"Baba, ka yi tunani. Irin wannan damar ba kullum take zuwa ba."

Ya hau motonsa ya tafi masaukinsa cikin gari.

To, zan faɗi abin da ba na son faɗa. Bayan la'asar, da mutane suka watse, na ɗauki allon taubashina na zagaya da shi bayan rumbu. Na ɗebi yashi a tsumma na fara goga kuncin kan da ke gefe. Fentin ya yi ƙara, ya dushe, layuka suka fito kamar kyanwa ta yakushe shi. Da gaske yana kama da tsoho. Zuwa Alhamis da na gama su duka, kuma da rumfar ta tabbata.

Mai ɗakina ta zo ɗibar hatsi ta same ni a haka. Ta tsaya da ƙwarya a hannu tana kallo.

"Malam, mako uku muna cin tuwo mai warin isansi, don ka zo ka goge da yashi?"

"Haka mutanen birni suke so."

"To. Su mutanen birnin, in sun zo kallon, da tsumma za su zo ko da shadda?"

Ta ɗebi hatsinta ta wuce. Na zauna ina kallon kuncin da na ɓata. Shekara ashirin ina koyon yadda ake sa fuska ta fito da rai a kan ƙarfe, ba wanda ya koya mini, da ɓata da gyara na iya. Yanzu da hannun ya nuna, sai a ce abin da ake so a wurina shi ne aikin da na yi ina ɗanye, bayan rana ta lalata shi. In na je da tsofaffin ƙarya, in tsaya a gefensu ana yabo, me ake yabo? Talaucinmu ake kallo, da yadda kayanmu ke ruɓewa a bakin hanya. Kuma in dawo in miƙa wa mai niƙa da mai shayi da taubashina allunan da na yakushe da hannuna, in ce musu me? In kuwa na dattijon kaɗai ya tafi, sa mai ƙaho ɗaya ne zai tsaya a madadina, a kusurwar wani, bayan na ce wa mai shi in sha Allahu.

Na zubar da yashin. Kafin magariba na sake shafa kuncin, ya koma yadda yake.

Da gari ya waye, na dawo daga masallaci, na ɗauko allon dattijon na kwantar da shi a kan turmi. Na wanke kashin shanun, na kankare tsatsar tas. Na dama ja da fari da baƙi. Na tayar da fuskar farin, sannan na zana wa jan ƙahonsa, dogo mai lanƙwasa, yadda na san shi yana da rai. Na jingine shi kusa da ƴan'uwansa ya sha iska.

Sannan na kira mushen na ce masa goma sha biyu ne, duka sababbi, tsoho ko ɗaya bai rage ba. In motarsu za ta ɗauka, bismillah. In ba za ta ɗauka ba, zan kawo su da kaina, manyan nasa su kalle su su kalle ni, su faɗa mini da bakinsu. Ya fara cewa Baba, na ce sai mun haɗu.

Na wanke hannuna da isansi, na sa hula, na tafi tasha wurin direban Damagaram, na ce ya ajiye mini saman mota ranar Alhamis, kuma kar ya ɗora awaki a kai.