Ranar da Goggo Ta Ƙi Sauka daga Mota

Motar na saye ta ne a hannun wani abokin aikina da aka yi wa canjin wurin aiki, kuma shekara biyu tana tashi da murɗawa ɗaya. Ta zaɓi ta ƙi tashi ranar da za a cire wa Goggo, yayar mahaifina, yanar ido. Likitan daga wani gari yake zuwa, sau ɗaya a wata uku, kuma ƙarfe tara ake rufe karɓar kati.

Bakwai da rabi Goggo ta shiga gaba, ta tura ƙunshin kayanta ƙarƙashin kujera da dunduniya, ta yi addu'ar tafiya. Na murɗa makulli. Fitilun dashbod suka kama, hon ya yi ƙara, amma injin ko tari bai yi ba.

A unguwarmu ta Sintali, buɗe bonet daidai yake da raba goron gayyata. Maƙwabcina tela ya ce batir ne, ya samo dutse ya yi ta ƙwanƙwasar kan batirin. Wani ya juye wa batirin rabin kwalbar lemo. Da yake ni malamin makaranta ne, na yi bayani irin na aji, cewa batirin da ya iya kunna hon bai mutu ba. Aka saurare ni cikin ladabi, sannan aka yanke shawarar turi. Sai da muka kai bakin masallaci na tuna musu, na kuma tuna wa kaina, cewa mota atomatik irin tawa ba ta tashi da turi.

Na roƙi Goggo ta sauko mu hau keke mai ƙafa uku.

"Na riga na yi addu'a a cikin wannan," in ji ta. "Ba inda zan sauka sai asibiti."

Takwas da rabi mai gyaran wayarin mota da na kira ya iso daga Abbare, wani dattijo ɗan Mumuye, riƙe da ɗan ƙwan gwaji mai jelar waya. Ya bi fis-fis ɗin ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya. Ya dubi lambar motar, ya yi murmushi. Ya zagaya wajen ƙofar Goggo, ya rusuna ya gaishe ta, ya ɗan tsaya, ya koma ya sake gwada abin da ya riga ya gwada. Sau biyu yana haka, ina kallon agogo. Daga ƙarshe ya ja ni gefe.

"Oga, ni na sa wa motan nan sikiyoriti, tun wajen mai shi na da. Saboda ɓarayi. Maɓalli yana ƙarƙashin kujeran Mama. Kaya ya danne shi."

"To, ka sa hannu mana!"

"Haba, Oga. Ƙarƙashin ƙafan tsohuwa? Kai ne ɗansa, kai ka sa."

Na so in yi fushi, sai na tarar ni ma hannuna ba zai je ba. A gidanmu ba a yi mana wannan tarbiyyar ba. Na tsuguna a bakin ƙofa, na roƙe ta da Fulatanci ta ɗan jawo ƙunshin.

"Inji yana can gaba, kayana suna nan. Me ya haɗa su?"

Tambaya ce mai ma'ana, kuma na ɓata minti goma ina amsa ta. Ba ta gamsu ba, gajiya dai ta yi da ni. Ta sa sandarta ta zaro ƙunshin, ta kau da ƙafafunta gefe. Mai wayarin ya miƙa hannu yana kallon sama, wani abu ya yi ƙas, motar ta tashi.

Mun isa tara da minti ashirin da biyar. Ma'aikaciyar jinya ta karɓi katin, ta rubuta sabuwar rana a bayansa ba tare da ta ɗago kai ba. Goggo ta yi wannan daminar da ido ɗaya, kuma da shi ta tsince mana irin gyaɗa tas.