Ranar da Tsohuwa Ta Ƙi Tafiya

Yayana ma'aikacin lambu ne a wani babban wurin shaƙatawa, mai faɗin da in ka ce za ka zagaye shi da ƙafa sai ka yi da-na-sani. Tun ina firamare yake can. Abokan aikinsa Sannu-Sannu suke ce masa, don bai taɓa gaggawar komai ba, ko atishawa sai ya yi shawara. Da gwiwoyinsa suka fara ciwo, aka ba shi 'yar motar nan ta filin golf mai shan fetur, ya raɗa mata suna Tsohuwa. Da ita yake jigilar tiyo da taki, masu tura baro suna wuce shi suna yi masa sannu da gudu.

Ni bakaniken babura ne, kuma ni ne likitan Tsohuwa, ba don na nema ba. Ina son Yaya har raina, amma yana da hali ɗaya mai ɗaga mini hankali: ba ya iya ganin abu a bushe. Ƙyauren ɗaki, kwaɗon akwati, almakashin matarsa, duk sai ya ɗiga musu mai. A wurinsa, abin da ya yi ƙara kuka yake yi.

Matarsa, wadda muke kira Anti, ba ta taɓa zuwa ƙuryar lambun ba, inda akwai ɗan tafki. A bakin tafkin nan Yaya ya dasa itace duk haihuwar da ta yi. 'Ya'yansu huɗu ne, duk sun girma. Akwai ta fari da ba ta yi kwanaki a duniya ba, ba a kuma zancenta a gidan. Anti ta daɗe tana cewa za ta je ta ga itatuwan. Da farko ɗinki da yara suka hana, daga baya ciwo ya taɓa mata ƙafa, har tsakar gida sai da sanda.

Ranar da Yaya zai ajiye aiki, shugaban wurin ya yarda ya kai ta. Da yamma zai miƙa makulli, daga nan ba shi ba Tsohuwa. In ba a je ranar ba, an fasa ke nan.

Da hantsi ya kira ni. "Ƙanena, zo. Tsohuwa tana tashi, amma ta ƙi tafiya."

Na tarar da Anti zaune daram a kujerar gaba, ta sha ado, jaka a cinya. Yaya na tsaye yana murza hula, Tsohuwa kuwa sai ƙyalli take, har tayoyin an goge. Na taka totur, inji ya kama da lafiyayyen sauti, motar ta ɗan girgiza ta tsaya inda take.

"Bakanike," in ji Anti, "in dai nan ne lambun, na gani, ya yi kyau."

Na fara da birki, ko ya maƙale. Na saki, muka tura, ta gangara lafiya. Na juya giya gaba da baya ina kallon kebul ɗin, yana jan abin da ya kamata ya ja. Na sa jak na ɗaga baya, na jijjiga tayoyin ko haƙoran cikin sun cinye, ƙalau suke. Rana tana ta yin sama, Yaya yana ta kallonta. Ban taɓa ganin gaggawa a fuskarsa ba sai ranar, abin ya ba ni tausayi.

Saura ƙarƙashin kujera, inda injin yake. Muka taimaka wa Anti ta sauko ta zauna a kan buhun taki, na ɗaga kujerar. Bel ɗin da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi bai tsinke ba, bai saki ba. Sai dai ya yi baƙi siɗik yana sheƙi, da na taka totur kuma faifan kuloci ya yi ta juyawa a cikinsa, shi ko gezau.

Anti ta ɗaga hanci. "Wannan ƙanshin na san shi. Malam, ina man shafawata da na nema jiya?"

Yaya ya sunkuyar da kai. "Ƙara yake yi, ƙiii-ƙiii, in an hau tudu. Ke kuma tun ciwon nan ba kya son ƙara."

"Sai ka shafe shi da maina."

"Rabi kawai na ɗiba."

Na cire bel, muka wanke shi da garin sabulu har sau ba adadi, na goge faifan da tsumma da fetur, muka shanya a rana. Anti ce mai gadi, tana juya shi da bakin sandarta. Da la'asar ta kawo kai na mayar. Yaya ya taka, Tsohuwa ta yi tari, ta ja.

Na ɗare baya inda ake ɗora taki. A tudun farko bel ya saki ƙararsa, Yaya ya dubi Anti a tsorace. Ta ce, "Tuƙa, Malam. Kai ma haka gwiwarka take yi, ban shafe ka ba."

A bakin tafki ya kashe inji. Ya shiga nuna mata itatuwan ɗaya bayan ɗaya, wannan na babban ne, wancan karkataccen na auta, ya biyo halin mai shi. Tana dariya tana bi da yatsa, sai yatsan ya tsaya a kan na ƙarshen layi, wanda ya fi duka tsayi da kauri.

"Wancan fa?"

Yaya ya shiga murza hularsa. Ta daɗe tana kallon itacen, sannan ta laluba sandarta.

"Ashe ta girma," ta ce. "Riƙe ni, Malam, nan da ƙafata zan ƙarasa."