Wanda Aka Bari a Kufai

Kakarmu Inna Dije ba ta fara hira sai an ci tuwo an yi isha'i. Lokacin sanyi mukan kewaye murhunta a gidanmu na Basirka, muna gasa gyaɗa a toka, ita kuma tana kaɗi. Labaranta yawanci na dariya ne. Akwai guda ɗaya dai da sai ta ajiye mazari kafin ta fara.

"Wannan ba ta Gizo ba ce," in ji ta. "Kada wanda ya washe min baki."

Ta ce a zamanin kakanninta rijiyoyin tsohon gari suka ƙafe, mutane suka tashi suka koma bakin rafi. Wani attajiri ya kira masu jakuna su kwashe masa kaya. Ya tsaya a kansu, har turmi da akurkin kaji sai da aka ɗaure. Saura gwaggonsa da ta raine shi, wadda tsufa ya sa ba ta iya riƙe fitsari. Mai jaki ya ce a ɗora ta. Attajiri ya toshe hanci, ya ce za ta ɓata masa shimfiɗu, a bari gobe a dawo. Ba wanda ya dawo, sai da makiyaya suka hangi ungulaye na shawagi a kan kufai.

A nan Inna Dije takan tofar da yawu cikin wuta. "Tir! Har akurki fa!"

Mu yara gawar nan da ƙudaje ne ke tayar mana da zuciya. Nakan kasa cin gyaɗata.

Bara muka tashi zuwa Birnin Kudu, inda yayana Alhaji Sabo ya gina katafaren gida. Inna Dije ta daɗe da rasuwa, amma ƙanenta Baba Ilu na nan, ya makance, ciwo ya kwantar da shi. Sabo ya ɗauko masu kwasar kaya da babbar mota. Suka loda firji da kujeru da buhunan gero, har kwanon rufin garke suka ɓamɓare. Wani cikinsu ya leƙa ɗakin Baba Ilu, ya fito yana riƙe da hanci.

"Alhaji, wannan fa? A baya wajen awaki?"

Sauran suka kwashe da dariya. Na jira Sabo ya kwaɓe shi. Sai ya ce, "Ku ƙyale shi. Maƙwabta sa duba shi kafin a gyara masa wuri a can."

Ashe tsohon ya riga ya sa hularsa, ya rungume butarsa. Muka ji muryarsa daga ciki: "Sabo, an gama lodin? Ni na shirya."

Direba ya ta da mota.

Ni na tsaya, na yi wa Baba Ilu wanka, na je tasha na samo mota, na kai shi ɗan gidan da nake haya a Birnin Kudu. Yana wurina har yau, kuma kullum sai ya tambaye ni ko Sabo ya gama gyaran.

Da na girma na gane Inna Dije ba don warin gawa take tofar da yawu ba. Yayana na shafa turare mai tsada, sahun gaba ba ya wuce shi a masallaci. Muna gaisawa, don zumunci wajibi ne. Amma tun ranar nan na kasa sa hannu a kwano ɗaya da shi.