Baba Buɗe-Taro

"Komawa za ka yi, Baba? Ka sake ɗaga musu hannu?"

"Uwata, rage murya. Bangon nan ba kauri gare shi ba."

"Su ji mana! Me ya rage da ba su sani ba?"

Da hantsi ne, ina ɗakina ina gugar riga. Bango ɗaya ya raba ni da tsohon da 'yarsa, kuma shekara uku da muka yi maƙwabtaka ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba.

A layinmu Baba Buɗe-Taro ake ce masa. Shekara talatin ya yi a ma'aikatar harkokin waje. A takarda masinja ne, ya kai fayil ofis, ya tsaya gaban injin kwafi. Wata rana limamin da aka gayyata ya makara, jakadu suna ta duba agogo, sai wani ya ce ai masinjan nan yana da murya. Daga ranar ba a sa hannu kan wata yarjejeniya sai ya yi addu'a. Har kujera aka ajiye masa kusa da tuta. Yakan ba mu dariya da labarin baƙin da ba su san amin ba, su ga ana shafawa su ma su shafa, har da tabarau.

Taro ɗaya ne ba ya raha da shi. Wata ƙasa maƙwabciya ta nemi a mayar mata da mutanen da suka gudo daga hannun sojojinta, ita kuma ta buɗe mana hanyar kaya zuwa teku. Cikin waɗanda suka gudo har da mijin 'yarsa, malamin lissafi mai yawan shiru. Baba ya buɗe taron da addu'ar zaman lafiya, an ce har jakadan can ya share ƙwalla. Bayan kwana tara mota ta je makarantar da surukin yake koyarwa, ta tafi da shi. Shekara goma ke nan, ba wasiƙa, ba gawa.

Baba kullum cewa yake bai san abin da ke cikin takardar ba, shi dai an ce ya yi addu'a ya yi. Ni ban taɓa yarda ba. Shi ya yi kwafinta, shi ya jera ta shafi bayan shafi. Ya kuma taɓa yin suɓutar baki ya gaya mini cewa a watan an ɗauki wani akawu mai daɗin karatu, har manya sun fara cewa a gwada shi a buɗe taro. A ganina ba tsoron kowa ne ya ɗaga hannun Baba ranar ba. Kujerar yake gudun a zauna masa.

Yanzu ga shi yarjejeniyar ta cika shekara goma, an aiko masa da mota da kati mai ruwan zinariya, wai a zo a sake buɗewa da muryar da aka fara da ita.

"In ka shiga motar nan," in ji 'yar, "ka dawo ba za ka same ni ba."

Daga nan sai ƙarar zif ɗin jaka. Na ajiye dutsen guga na fito.

Motar na bakin ƙofa. Baba ya fito cikin farar rigarsa, yana ƙamshin turare, katin a hannunsa. 'Yar na bayansa da jaka a kafaɗa.

"Baba, lokaci fa," in ji direban. "Manya na jira."

Tsohon ya daɗe yana kallon kujerar baya da aka buɗe masa. Na ga yana so, wallahi yana so. Ya miƙa wa direban katin, ya ce ya gaishe su. Sannan ya dafa ƙyaure, bai iya juyawa ya dubi 'yar ba.

"Na karanta, Uwata. Shafi na huɗu, sunan mijinki ne na goma sha bakwai. Na gani tun kafin in yi alwala."